An ce tauraronmu bai haɗu ba, wai ni ruwa shi wuta

Assalamu alaikum Tanti, ina yini, ya gida ya yara. Dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 24, a nan Zinder nake, na samu bak ina koyarwa a wata lakwal mai zaman kanta. Akwai wanda muke tare shekara biyu, yana da butik na kayan portabul, iyayensa sun zo an yi gaisuwa saura sa rana. To sai gwaggona, yayar babana, ta kai sunana da nasa da na iyayenmu mata wajen wani malamin duba, ya buga hisabi ya ce tauraronmu bai haɗu ba, ni ruwa ce shi wuta, in aka yi auren ko arzikinsa ya tsiyaye ko ɗayanmu ba zai yi tsawon rai ba. Da farko dariya na yi. Amma da ta ja ni muka koma tare, wallahi Tanti kamar ya buɗe cikina ya karanta. Wai ina da haƙuri amma in na yi fushi ba kyau, ina yi wa mutane alheri suna saka mini da sharri, akwai wata kusa da ni mai yi mini dariya amma ba ta so na da alheri, kuma akwai wanda ya taɓa nema na aka fasa. Duk gaskiya ne. Na dawo gida na duba oroskop a portabul, ni Vierge shi Gémeaux, nan ma aka ce ba mu dace ba. Sati biyu bayan haka ya faɗi a moto ya gurɗe hannu. Malam ya ce ana iya gyarawa da rago da jika talatin. Babana ya yi shiru, ba ya iya musu da yayarsa. Na san an ce abin nan ba shi da tushe amma na kasa barci. Ya aka yi ya san duk wannan, kuma me ya sa nake jin tsoro haka? In fasa ne ko in biya?

Ɗiyarki daga Zinder

Wa alaikumus salam ɗiyata, lafiya lau alhamdulillah. Kar ki fasa kuma kar ki biya, ba dai a kan wannan maganar ba. Na sa amsar a gaba ne don ki samu ki runtsa yau, sauran kuwa doguwa ce sai ki zauna ki karanta a tsanake, don ba ke kaɗai ba ce, mata da yawa a garin nan sun durƙusa gaban irin wannan buzun, wasu ma da diplom ɗinsu a jaka.

Mu fara da abin da ya fi razana ki, ya aka yi ya san cikinki. Ki sake karanta abubuwa huɗun nan da kika rubuto amma wannan karon ki cire kanki ki sa maƙwabciyarku a wurin, ko wadda kuke koyarwa tare, ko ni ma. Tana da haƙuri amma in ta yi fushi ba kyau. Yo wa ye ba haka ba? Magana ce da ta riƙe hagu ta riƙe dama, in mai sanyi ce ke ki ɗauki rabin farko in mai zafi ce ki ɗauki na biyu, ba yadda za a yi ta faɗi ƙasa. Kina alheri ana saka miki da sharri, ki shiga kasuwar Dole ki tare mutane ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya cuci wani da safen nan zai rantse miki shi ake cuta. Ta ukun ita ce ta fi ba ni haushi, wai akwai mai yi miki dariya ba ta son ki, ki lura bai faɗi suna ba, ke ya bar wa aikin cike gurbi, kuma na san kafin ki sa takalmi kin riga kin liƙa wa wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta huɗu kuwa haba ɗiyata, budurwa mai shekara 24 a Damagaram a ce ba wanda ya taɓa sallama aka fasa? Ai da cewa ya yi babu, shi ne abin mamaki. Irin wannan magana kamar zani take, ba a auna ƙugu kafin a saya, duk wadda ta ɗaura zai zauna mata daram sai ta ɗauka don ita aka yanka.

Sannan kar ki manta gwaggo ta riga ki zuwa. Ban ce ta haɗa baki da shi ba fa. Amma ba a zuwa wajen mai duba a ajiye suna a ja baki a yi shiru, dole ta yi bayani, yarinyar nan ɗiyar ƙanena ce, ta yi boko, akwai ɗan wane da ya so ta a baya abin bai yiwu ba, yanzu ga wani ta kawo mana, shi kuma sana'arsa ke nan sauraro. Ranar da kika zo yana magana yana karanta fuskarki, inda kika gyaɗa kai ya ƙara bayani, inda kika yamutsa fuska ya ce to ko a baya ne ko kuma yana nan tafe. Ki tuna da kyau, duk zaman nan ba abin da ya faɗa da bai yi daidai ba? Akwai. A hanya kika zubar da shi, huɗun da suka zauna su kika kawo mini, kuma ba laifinki ba ne, haka kan ɗan Adam yake, abin da ya dace ya riƙe shi gam, wanda bai dace ba ya bi iska.

An ma gwada wannan a aji. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi suka cike, ya ce zai fitar wa kowa da bayanin halinsa. Da ya dawo ya miƙa wa kowa takarda da sunansa a sama, ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su, da aka haɗa aka raba makin ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya ba kowa, kuma yawancin jimlolin daga wani ɗan littafin taurari da ya saya wajen mai jarida ya tsinto su, irin su kana son mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Na Faransa ma ya fi wannan. A 1968 wani mai bincike, Michel Gauquelin, ya sa talla a jarida cewa duk mai son oroskop nasa na musamman kyauta ya aiko da ranar haihuwarsa, duk wanda ya aiko sai ya tura masa bayani guda ɗaya, wanda aka fitar daga ranar haihuwar Marcel Petiot, likitan nan da aka zartar wa hukuncin kisa a Paris a 1946 saboda kashe mutane sama da 20. Cikin waɗanda suka maido da amsa, 94 cikin 100 suka ce wannan su ne sak. Tauraron mai kisan kai fa, kowa ya ga kansa a ciki ya yi godiya.

Yanzu ga abin da ya wuce ki cikin wasiƙarki da kanki. Kin ce malam da portabul bakinsu ya zo ɗaya. Bai zo ba. Malam ya ce ke ruwa ce shi wuta. A lissafin oroskop kuwa Vierge, wato Sumbula, ƙasa ce, Gémeaux kuma, wato Jauza, iska ce. To wanne ne ke, ruwa ko ƙasa? Shi wuta ne ko iska? Sun ƙaryata juna a kan ku duka biyu, amma da yake da tsoro kika buɗe wayar, kalmar ba ku dace ba kawai idonki ya gani. Da kin ƙara buɗe shafi biyu ko uku ma da kin samu wanda ya ce kun dace, don kowane da abin da yake rubutawa.

Shi hisabin nan bari in buɗe miki cikinsa, don abin da ba a san yadda ake yi ba shi ke da kwarjini. Kowane baƙin Larabci yana da lamba, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har 1000. Sai a rubuta sunanki da na mahaifiyarki a tara lambobin, a yi ta zubar da 12 har a ga abin da ya rage, shi ne burjinki, ko a zubar da 4 a ce wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa. Shi ke nan fa, lissafin da ɗalibanki za su yi a allo. Kuma ko a nan ba a daidaita ba, don jerin lambobin iri biyu ne, akwai na Magrib, wato ƙasashen su Maroko da Aljeriya, wanda malamanmu suka gada akwai na gabas wanda ke cikin littattafan da ake bugowa daga Masar. Baƙin sadi a na gabas 90 ne, a na Magrib 60. A ce sunan yarinya Hafsa ko Safiya, bambancin 30 ɗin nan kaɗai ya isa ya ɗauke ta daga wannan burji ya kai ta gida shida gaba, wadda wancan malami ya ce ruwa ce wannan ya ce ƙasa ce, aure ya mutu a Birni ya rayu a Zango. Ba a ma zo maganar ko za a ƙirga ta'in ƙarshen suna 5 ko 400 ba. Kuma ki yi tunani, Hadiza nawa ce a Zinder da sunan uwarta Mariama? Duk tauraronsu ɗaya a wannan lissafin, amma wata tana gidan mai kuɗi wata tana tallan ƙosai wata ta rasu tun tana goye.

Na portabul ɗin ma ba wani abin kirki ba ne don an rubuta shi da Faransanci. Mutanen Babila, a Iraƙi ta yau, su suka raba hanyar rana gida 12 wajen shekara 2,500 da suka wuce, Girkawa suka ɗora nasu a kai, Larabawa suka fassara, ta nan ya iso hannun malamanmu ta can kuma ya isa Turai, shi ya sa kike jin wuta da ruwa a duka biyun. Wannan na kullum da ake rubutawa, yau za ki samu labari mai daɗi gobe ki yi hankali da kuɗi, a 1930 ya samu shiga a wata jaridar Ingila lokacin da aka haifi gimbiya Margaret aka sa wani R. H. Naylor ya duba mata, masu jarida suka ga abin yana sayar da takarda suka riƙe. Sannan ita duniya tana ɗan yin layi a hankali yayin da take juyawa, zagaye ɗaya wajen shekara 26,000, saboda haka daga lokacin da aka tsayar da ranakun nan zuwa yau sama ta goce da kusan gida guda. Yawancin waɗanda ake ce wa Vierge, ranar da aka haife su rana tana cikin taurarin Lion ne, ƴan Gémeaux kuma tana cikin Taureau. Balle mu nan, mutum nawa ne takardar haihuwarsu ta ce 1 ga Janairu don ba a rubuta ranar ba sai da za a sa su lakwal aka je aka yi takarda? Duk sun zama Capricorne ke nan, kuma in suka karanta za su ce wallahi haka halinsu yake. Ki tambayi saurayin naki ma ko ranar da ke kan katinsa ita ce ta gaskiya.

An kuma ba masu abin dama su nuna kansu. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ɗauko masu duban taurari 28 waɗanda ƴan uwansu suka yarda da ƙwarewarsu, a ba mutum lokaci da wurin haihuwar wani da bayanin halin mutum uku ya nuna wanne ne mai shi. Kusan ɗaya cikin uku suka ci, daidai da abin da wanda ya rufe ido ya nuna zai ci. Da aka ɗauke musu fuskar mutum da bakinsa sai aiki ya tsaya.

Kar ki fahimce ni ba daidai ba, akwai ilimin taurari na gaskiya kuma kakanninmu sun san shi. Tsofaffin da ke lissafin taurarin damina, su Surayya da Dabaran har zuwa Ɗarfa da Jabha, masauki 28 kowane kwana 13 sai ɗaya mai 14, suka cika 365, wannan kalanda ce, tana gaya wa manomi inda shekara ta kai, ya shirya iri ko ya haƙura. Ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri da taurari suke gane hanya da dare, Alƙur'ani ma ya ambaci wannan amfanin a Suratul An'am da Suratun Nahl. Tauraro yana nuna lokaci yana nuna gabas. Inda aka ɓata shi ne da aka ce ya san wanda za ki aura.

Ta fuskar addini kuwa maganar a fili take. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, shi da kansa cikin baƙin cikin rashin ɗa ya miƙe ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In rana ba ta motsa don ɗan Annabi ba ina ga ni da ke da mai butik. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe ko ƙasar da zai mutu, shi kuwa malaminku har ya san ɗayanku ba zai yi tsawon rai ba. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ban kawo don in ƙara miki tsoro ba, jan ki aka yi, ki yi istigfari ki wuce. Na kawo ne don za ki buƙace shi in an zo zama da manya.

To me ya sa duk da haka kika kasa barci? Don aure ne. Ki lura da lokacin da mutane ke neman mai duba, gab da BEPC ko bak, gab da konkur, lokacin zaɓe, in yaro zai kama hanyar Agadez zuwa Libiya ko wajen haƙar zinariya, in ciki ya ƙi zama, in za a ɗaura aure. Ba mai zuwa ya tambaya ko gero zai dahu in an ɗora a wuta. Inda abu yake da girma kuma ba a hannunka yake ba, nan zuciya ke neman wanda zai ce mata ga yadda za ta kasance, kuma ko mummunan labari ne wani lokaci ya fi mata sauƙi a kan zaman jiran abin da ba ta sani ba. Boko ba ya maganin wannan. François Mitterrand yana shugaban Faransa yana tuntuɓar wata mai duban taurari, Élizabeth Teissier. Matar Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, bayan an harbi mijinta a 1981, sai da ta koma tambayar wata mai duba ranakun da ya kamata ya yi tafiya. Tsoro ne ya kai ta, kuma irinsa ne ya hana ki barci, za ki bar gidanku ki koma hannun wani mutum har iya rayuwa, ai dole gaba ya faɗi. Da can tsoron ba shi da suna, malam ya zo ya raɗa masa.

Maganar moto kuwa, Allah ya ba shi lafiya ya tsare gaba. Amma ɗiyata a garin nan da yashi da kabu-kabu da awaki a titi, wace rana ce ba a faɗuwa a moto? Kuma malam bai ce zai gurɗe hannu ba, cewa ya yi arziki zai tsiyaye ko a mutu, kuma in an yi auren, ku ko rana ba a sa ba. Da portabul ɗinsa ce ta ɓace da kin ce ga shi nan, da zazzaɓi ya yi haka, da ciniki ya ja baya na sati ɗaya haka. A cikin shekara biyun da kuke tare kafin a buga hisabin nan bai taɓa ciwo ba, bai taɓa asara ba? Ya yi, ba ki ƙirga ba ne don ba wanda ya ce ki ƙirga. In kina so ki gani da idonki ki samu kaye da bik, wata guda kullum da dare ki rubuta abin da ya faru da ke a yinin, sannan ki sa ƙawarki ta karanto miki oroskop uku na ranar ba tare da ta faɗi na wa ye ba, ki zaɓi naki. Ki ƙirga sau nawa za ki ci.

Abin da ya fi damuna shi ne kar ki shiga ɗakin da wannan maganar a ƙunshe a gefen zani, don a nan ne kaɗai take iya zama gaskiya. A ƙasar Ashanti ta Ghana ana raɗa wa yaro sunan ranar haihuwarsa kamar yadda muke da Ɗanladi da Balarabe, kuma sun yarda ɗan Litinin mai sanyin hali ne ɗan Laraba kuma mai rigima. Wani mai bincike, Gustav Jahoda, ya duba takardun kotun yara a 1954 ya tarar ƴan Laraba sun fi yawa a laifin faɗa, ƴan Litinin sun yi ƙaranci. Laraba ba ta yi musu komai ba, yaro ne tun yana rarrafe ake ce masa kai dama haka kuke har ya zama. Haka auren da aka shiga da ni ruwa shi wuta, ranar da kuka yi saɓani a kan kuɗin cefane, wanda duk ma'aurata suna yi, maimakon ki ce mun yi faɗa sai ki ce ga shi ya fara, shi ma in kasuwa ta yi sanyi wani a danginsa zai tuna masa ai an faɗa, sai a fara kallon ƙafarki ana cewa fara ce. Mata nawa aka saka da wannan kalmar ta farar ƙafa ba su ci ba ba su sha ba.

Yanzu gwaggo, don ni a ganina nan gizo ke saƙa. Ba wanda ya aike ta. Mutum ba ya ɗaukar sunan yaro ya kai duba sai in da ma zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma a gidajenmu tauraro bai haɗu ba hanya ce ta cewa a'a ba tare da an ɓata da kowa ba. Ba za ta iya kallon iyayen yaro ta ce ba ma son ɗanku ba, ba za ta iya ce wa ƙanenta ina da wanda nake so a ba ba, amma in sama ce ta hana ai ba mai laifi. Wataƙila tana da ɗa ko ɗan ƙawa da ta yi wa tanadinki, wataƙila asalin gidansu ne bai yi mata ba, wataƙila haushi take ji an yi gaisuwa ba a fara ta kanta ba, wataƙila kuma, kuma wannan shi ya sa ban ce ki yi watsi da ita ba, ta ji wani abu na gaske game da yaron wanda kunya ta hana ta faɗa. Wannan shi ne abin da ya kamata a tono. Kar ki je mata da Forer da Babila, za ta ce boko ya ɓata ki kuma kin rasa ta ke nan. Ki je da ɗan turarenki ko goro, ki yi mata yini, ki taya ta aiki, in hira ta yi daɗi ki ce Gwaggo ni ɗiyarki ce ba ni da wadda ta fi ki, ki ajiye maganar malam gefe, ke a ranki me kika gani game da shi? Sai ki yi shiru ki saurara, ko ta yi kewaye-kewaye kar ki katse ta. In ba za ta buɗe miki ba mahaifiyarki ko wata tsohuwa da take jin nauyinta ta yi wannan zaman.

Babanki kuma shirunsa ba yarda ba ce, nauyin yaya ne. Kar ki sa shi ya zaɓa tsakaninki da ita a gaban mutane. A samu limamin unguwarku ko wani malami da gidanku ke girmamawa ya zo ya yi maganar a matsayin hukuncin addini, ta yadda gwaggo za ta janye don malam ya faɗa ba don ƙanenta ko ɗiyar ƙanenta sun kayar da ita ba. A bar mata ƙofar fita da mutuncinta. In ta nace sai an yi sadaka, a yi, a dafa abinci a ba almajirai da niyyar neman albarka, wannan ba mai hana ki, amma ba a hannun mai hisabin ba. Ki tambayi kanki ma, ƙaddarar da aka ce an rubuta a sama tun ranar suna, ya aka yi rago da jika talatin ke goge ta? Kuma in kika biya kin buɗe ƙofa ke nan, cikin fari za a ce a gyara, yaro ya yi zazzaɓi a gyara.

Akwai haɗuwar da nake so ku duba da gaske, ita ce ta jini. Ku je likita ku biyu a yi muku analiz na emasi, wato sikila, kafin a sa rana. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro SS, wannan lissafi ne da duk labo ɗin da kika je amsa ɗaya za a ba ki, ba na Magrib ba na gabas. Ku haɗa da gwajin sida da na ciwon hanta. Abin takaici gidaje da yawa za su kashe kuɗin rago a kan tauraro amma a ce a je a ɗibi jini sai a ce ana zargin ɗansu. Sauran binciken kuma na ƙasa ne ba na sama ba, kuma aikin yayyenki maza ne da kawunnanki: yana salla, ya yake da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, butik ɗin nasa ne ko jira yake yi wa wani, ana bin sa bashi, su wa yake zama da su a fada, in ya yi fushi me yake yi, ya yarda ki ci gaba da koyarwa kuma ya faɗi haka a gaban manya ko a waya kawai yake faɗa miki. Ki yi istihara da kanki, raka'a biyu da addu'ar da aka koyar, ba a ba wani kwangilarta kuma ba dole sai kin yi mafarki ba.

Shi kuma ki gaya masa da bakinki kafin ya tsinta a gari, don irin wannan magana ba ta kwana a gida ɗaya, in ta isa kunnen mahaifiyarsa ta wata hanya za ta iso da ƙari. Ki faɗa masa a taƙaice ba tare da kin zagi gwaggo ba, ki ce an kai sunanmu an ce kaza, ni ban yarda ba, ga abin da nake so mu yi, sai ki kawo maganar likita. Ki lura da yadda zai karɓa, ko zai tsaya tare da ke ko shi ma zai ruga wajen nasa malamin. In kuma gwaggo ta faɗi wani dalili na gaske game da shi, ki sake rubuto mini da shi mu duba.